Baƙaƙen Ƙarfe

Shekara sittin da huɗu ina taka ƙasar Tawa,
talatin daga ciki ina haɗa ƙarfe da ƙarfe
a bakin hanyar Ƙonni, dab da masu albasa.
Idona ya sha tartsatsi har ya ƙoshi,
amma in takarda ta zo sai in miƙa wa yaro,
in tsaya kamar baƙo a cikin sirrina.

Ranar da na shiga ajin dare
cewa na yi jikata na rako.
Malama Sahiya ta dube ni, ta dubi ƙofa,
ba jika, ba alamarta.
Ta ce, "Baba Arzika, benci ba ya tambayar dalili."

Alli abin raini ne.
Hannun da ke lanƙwasa rodi mai kaurin yatsa
ya karya uku kafin a kira lisha.
Tsahara mai tattasai ta rufe baki da mayafi,
kafaɗunta suka tona mata asiri.
Na ce a raina, ni da wurin nan sai labari.

Malama ta tsince gutsattsarin a ƙasa,
ba ta tanka ba sai da muka kai bakin titi.
"Me hannunka ya sani?"
Na ce ƙarfe.
"To, kawo mini A na ƙarfe."

Na kwana ina juya maganar kamar waina.
Ashe A tsani ne mai mataki guda,
O bakin murhu,
T guduma ce ta miƙe tsaye.
S ta wahalar da ni kwana biyu,
sai da na tuna macijin da muka tarar
a rijiyar Kalfu ina yaro.

Da ƙafar tsohon gado, da ragowar taga,
da kacar keken da wani ya manta tun bara,
na ƙera su ɗaya bayan ɗaya,
na kai su cikin buhun albasa
suna ta gardama a bayana.

Yanzu a ajinmu ba a sanin baƙi sai an ɗaga shi.
Tsahara ta rantse M ya fi kowa nauyi.
Nomau, wanda yana ta rufe wa ido,
ya bi sunansa da yatsu har ƙarshe,
ya koma farko,
ya ce kada kowa ya kwashe, a bar masa shi tukuna.

Sai daren ƙugiya.
Malama ta ce ƙ daban, k daban,
baƙi in ya rasa ƙugiyarsa baki ne kawai,
ya faɗa, iska ta kwashe.
Na yi dariya, don ƙugiya gidana ce:
ta mahauta, ta guga, ta rataye fitila,
wace ce ban lanƙwasa ba?

Da safe na tsaya gaban rumfata,
na ɗaga kai ga allon kwanon da na biya jaka biyu,
na karanta da kaina, leɓena yana rawa:
ARZIKA MAI GYARAN KOFA.

Shekara goma sha tara
ina shan shayi a inuwar kuskure.

Mai fentin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa,
ba shi da laifin da ya kai nawa.
Na jawo tano na hau, gwiwa tana ƙorafi,
na kunna wuta,
na ɗora wa K ƴar ƙugiyarta.
Yaron shagona ya ce, "Baba, me ya lalace?"
Na ce babu, ƙofa ce na gyara.

Malama ta ce mako mai zuwa lissafi.
Na riga na ware rodi.
Ɗaya ba ta da wuya, bakwai ma lauje ce,
takwas ce ke hana ni barci.